Tukunyar Gindin Tsamiya

Saura kwana biyu kasuwa ta ci, saura kwana tara a buɗe awon gyaɗa, mata masu sammakon rijiya suka tsinci gawar Shekara a gindin tsamiyar kasuwar Matamaye. Yana kwance rigingine, ƙeyarsa a kan wata ƙatuwar saiwa, jini ya daskare a wurin. Kusa da ƙafafunsa an tona rami mai zurfin kamu biyu. Babu komai a ciki sai gurbin abu mai zagaye.

Shekara shi ne mai sharar kasuwa, kuma shi ke tsaron abin da ke cikin ramin nan. Kowa a garin ya san da zancen tukunyar, ko da yake ba mai cewa ya taɓa ganinta. Tun da aka kafa kasuwar aka binne ta, da ƙasar kasuwanni bakwai a ciki. An ce duk inda gindinta ya taɓa ƙasa nan kasuwa ke zama, shi ya sa wanda ya ɗauke ta ba ya sauke ta sai inda yake so jama'a su taru. Kuma ba a aiken wani. Mai so shi ke ɗauka da kansa.

Kafin hantsi gari ya riga ya yanke hukunci: mutanen Tudun Baushe ne.

Shekaru goma da suka wuce, kasuwar Tudun Baushe ce ke ci a duk wannan yanki. Sai hanyar mota ta biyo ta Matamaye, kantunan Nasara suka kawo sikelin gyaɗa. Manoma suka bi sikeli, masu fura suka bi manoma, maƙera da marina suka kwashe kayan aikinsu, har 'yan mata suka daina yarda a kai su aure tudu. Cikin waɗanda suka rage akwai wani mahauci, Manu, wanda kan koro akuyarsa tun daga can kowace kasuwa, ya yanka a can bakin juji, don mahautan gari sun hana shi rumfa. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa sace musu kasuwa aka yi. Jiya da yamma an gan shi yana cacar baki da Shekara. Yau da safe kuwa ya shigo gari neman akuya ta saye, 'yan dakon gyaɗa suka tare shi da sanduna. Da ƙyar aka ƙwace shi, aka ɗaure a zauren Sarkin Kasuwa Hamisu.

Mai gari ya tura mahayi Magarya, aka ce jandarma, 'yan sandan Nasara, sai gobe da safe. 'Yan dako suka ce ba lalle su jira ba. Alhaji Sallau ne ya tsawata musu, shi da ke da sikeli da babbar rumfar kwano a bakin hanyar mota, wanda rabin gari ke ci a ƙarƙashinsa. Ya ce a bar wa hukuma aikinta. Suka janye, amma ba su watse ba, suka zauna a inuwa suna kallon ƙofar zauren. Kowa ya san abin da ke jiran Manu: ko hannunsu yau, ko gidan kaso a Damagaram gobe, inda mai laifin kisa ba ya dawowa.

*

Ummaru mai bin sawu aka kira. Tsohon maharbi ne, siriri, maras yawan magana, wanda ya yi shekara talatin yana bin shanun sata har cikin ƙasar Daura. Yadda wasu ke sanin mutane da fuska, shi da ƙafa ya san su. Hamisu ya ce masa ya bi sawu har Tudun Baushe, ya dawo da tukunyar kafin ranar kasuwa. Ummaru ya lura tukunya aka ce ya nemo, ba wanda ya yi kisa ba.

Gindin tsamiyar ya riga ya lalace, ƙafa ɗari ta tattake shi. Ya riƙa kewaya wurin yana faɗaɗa da'ira, har bayan rumfunan mahauta, inda yashi ke kwance ba a taɓa ba. Nan ya durƙusa. Sawu ne na mutum ɗaya, ba takalmi. Tafin mai faɗi ne, yatsun a baje, babban yatsan hagu ya karkace waje. Takun gajere, diddige ya nutse, irin na mai kaya a ka. Raɓa ta riga ta sauka kafin a taka, ke nan gab da asuba.

Ya daɗe a durƙushe. Bai san ƙafar ba, kuma babu babban mutum a Matamaye da bai san ƙafarsa ba. Waɗanda ke tsaye a kansa suka ce to, ai magana ta fito, baƙo ne.

*

Ya fara zuwa zauren. Manu na jingine da bango, leɓe a kumbure, hannun damansa a karye yana reto. Ummaru bai dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ya duba: ƙanana ne, masu rami a tsakiya. Ya gaya wa Hamisu ba su ba ne. Hamisu ya ce wannan ba ya wanke kowa, ɗaya ya yi kisa, ɗaya ya ɗauki kaya, ai ɓarayi ba su tafiya su kaɗai.

Da aka tambayi Manu rigimar jiya, ya ce a kan inda yake zubar da kashin tumbi ne, kuma shekara huɗu ke nan suna yin ta kowane mako, wani lokaci su ƙare da raba goro.

"Na ce an sace mana kasuwa," in ji shi, "yanzu ma na ce. Amma Baba Ummaru, tukunya me za ta yi mini? Ko a ɗakina na binne ta, kamiyo, motar kwasar gyaɗa, ba zai hau tudu ba."

Ya roƙi a aika wa iyalinsa kada su zo. 

Akwai wani da mata ke ambata a ɓoye, Malam Salisu, wanda ya yi rani uku a Kano ya dawo yana wa'azi cewa tukunyar shirka ce. Ummaru ya same shi yana gyaran darnin gidansa. Malamin bai ɓoye ba, ya ce ya yi baƙin cikin tsohon, amma bai yi na tukunya ba. Ya miƙo ƙafarsa da kansa, siririya, cikin takalmin taya, ya ce a duba da kyau kada a sake dawowa.

"Da ni ne," ya ce, "da rana tsaka zan tono ta, in fasa ta a gaban kowa. Wanda ya ɗora ta a kai ya tafi da ita, ai ya fi Shekara yarda da ita."

Ummaru ya tafi da wannan magana a ransa.

*

Sawun bai ratsa gari ba. Ya kewaya ta bayan gidaje, yana kauce wa hanyoyin masallaci, sannan ya hau turbar da ke zuwa Tudun Baushe. Mutum biyu da Hamisu ya haɗa shi da su suka fara murmushi. Suka bi ta cikin gonakin gyaɗa da aka riga aka cire, inda a da gero ke tsayawa har ya rufe mahayi. Takun na ƙara gajarta, yatsun na tonon ƙasa. Mai kayan ya gaji, kuma ba yaro ba ne.

Turbar ta zo ta ratsa hanyar mota, wadda aka zuba wa jar marmara aka daddaɓe. Nan sawun ya ƙare. Marmara ba ta riƙe ƙafar kowa. Mutanen Hamisu suka ce mai sawun tsallakawa ya yi, a ci gaba. Ummaru ya tsallaka shi kaɗai, ya duba gaba, ya duba dama da hagu har nisan jifa uku. Sawun bai fito ba. Mai shi ya bi kan hanyar ne, ko gabas ko yamma.

Ya dawo baya, don ya tuna ya ga takun ya ɗan kauce wajen wani marke, taku ashirin kafin hanya. A gindin marken ƙafafun sun tsaya a jere, kuma ba su nutse ba, kamar an ɗauke musu nauyi. Ya nemi gurbin gindin tukunya a ƙasa, babu. Sai wani ɗan rami, kaurin sanda, a gaban ƙafafun. Ya ɗaga kai. Inda reshe ya rabu biyu, daidai tsayin mutum, ɓawon ya goge, kuma an bar shafin baƙar ƙasa mai danshi, irin ta gindin tsamiya.

Rabonsa da ganin wannan tun yana saurayi. Kafin zuwan motoci, masu ɗaukar kayan fatake a ka, waɗanda ake kira 'yan alaro, ba su sauke kaya a ƙasa in za su huta, don ɗaga shi kuma sai da mutum biyu. Sai su nemi itace mai rassa biyu, su jingina kayan a tsakani, su tokare da sanda, su zame kai su numfasa. Loko suke ce da shi. Ɗan dakon yau buhu yake sani, a baya, daga sikeli zuwa kamiyo. Manomi kuwa jaki. Wannan aikin jikin da ya saba ne, ya yi shi cikin duhu ba tare da tunani ba.

Ya ce da mutanen su koma, sawu ya mutu.

*

Ya nemi ganin Balki, matar marigayin, ta zo bakin zana da mayafi a kanta. Ta ce Shekara ya tashi kafin kiran salla don ya ji kamar ana sara ƙasa, ya ɗauki fitila ya fita, bai ko ɗauki sanda ba. Ta ce Allah ya saka wa Alhaji Sallau, tun da hantsi ya aiko da likkafani da damin gero biyar.

Ummaru ya tambaye ta ko cikin 'yan alaron da akwai sauran masu rai. Ta ce ai an ƙare. Mijinta na cikinsu, ya yi shekara goma sha biyar tsakanin Kano da Damagaram da goro da kanwa a ka. Sai wani makaho a Dungu wanda ba ya ko tashi. Sai kuma Alhaji, wanda tare suka yi hanya, gammo ɗaya suke aro wa juna, ko da yake yanzu ba ya son a tuna masa.

Sai da ta faɗa ta gane abin da ta faɗa. Ta dubi Ummaru ta cikin ramin zana, sannan ta juya ta koma ciki ba sallama.

A hanya ya gane abin da ya sa bai san ƙafar ba. Tun da Alhaji ya bar alaro ya zauna a garin ya fara sayen gyaɗa bai sake taka ƙasa da tafinsa ba. Kullum cikin safa da rufaffen takalmi, a masallaci kuwa a kan buzu.

*

Bayan azahar aka kai Shekara. Da aka zo saka shi, liman ya ce makusanta su shiga. Ba shi da ɗa namiji. Mutane suka dubi Alhaji Sallau, abokinsa na ƙuruciya. Alhaji ya ɗan tsaya, sannan ya zauna a bakin kabarin ya cire takalmi, ya cire safa, ya taka sabuwar ƙasar da aka tara ya sauka. Da ya fito hawaye na bin gemunsa, kuma Ummaru bai ga alamar na ƙarya ba ne. Amma a kan tarin ƙasar ga tafi mai faɗi, yatsu a baje, babban yatsan hagu ya karkace waje.

Da ana dawowa ya ja Hamisu gefe ya gaya masa. Hamisu bai yi mamaki yadda ya kamata ba. Ya ce Ummaru ya yi tunani. In aka tafi da Alhaji, kanti zai ɗauke sikeli ya kai Kance ko Magarya, tun bara suke neman dalili. In sikeli ya tafi, kamiyo ya tafi, kuma cikin shekara biyar Matamaye ta zama Tudun Baushe. Wa ya shuka geron da zai kai shi damina? Kowa gyaɗa ya zuba, har da shi Ummaru.

"Mutum ɗaya ne," in ji Hamisu, "kuma ba namu ba. Ka ce sawu ya mutu a marmara. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Ba ƙarya ba ne, abin da ya dami Ummaru ke nan. Ya zauna a bayan masallaci har la'asar yana auna abin. Buhunsa goma sha ɗaya na jiran awo. 'Ya'yansa mata biyu da tuyar ƙosai a kasuwa suke riƙe da gidajensu. Ba a ce ya yi rantsuwa ba, ba a ce ya nuna kowa ba, shiru kawai ake nema, kuma da shirun nan gari guda zai ci abinci. Ya nemi inda lissafin Hamisu ya karkace, bai samu ba. Abin da ya kasa jurewa shi ne tunanin gobe da safe, a fito da Manu a ɗaure, ƙananan ƙafafun nan su bi ta gabansa suna barin sawu a yashi, shi kuwa yana karantawa.

*

Bayan la'asar aka taru zaman makoki a ƙofar gidan Shekara. Ga mai gari, ga liman, ga Hamisu, ga Malam Salisu a gefe, ga Alhaji a kan buzunsa. 'Yan dako na tsaye daga baya. Ummaru ya roƙi mai gari a kawo Manu, aka kawo shi, aka zaunar a rana.

Ya yi bayani a hankali, kamar mai ba da labarin saniyar da ta ɓata. Mutum ɗaya ne ya je gindin tsamiya, ba biyu ba. Ya share yashi da tafin hannu, ya sa Manu ya taka, ya zana ɗayan sawun da tsinke kusa da shi, kowa ya ga bambanci. Ya faɗi marken, da gogen reshe, da ramin sanda. Tsofaffin wurin suka fara sunkuyar da kai tun bai gama ba, don sun san su wa ke yin loko. Sannan ya ce ƙafar da bai sani ba da safe, ya gan ta da azahar a bakin kabari.

Bai ambaci suna ba. Ba wanda ya dubi Alhaji, kuma rashin duban ya fi nuni da yatsa.

Alhaji Sallau ya ajiye carbinsa. Ya ce Nasaran kanti ya gaya masa wannan ce shekarar ƙarshe, ko kasuwa ta dawo bakin hanya inda mota ke iya juyawa, ko su tashi. Sau biyu yana roƙon a matsa, mata da mahauta suka ce ba su barin tukunya. Ya roƙi Shekara, ya ƙi. Sai ya ga in tukunyar ta tafi, mutane za su bi ta.

"Na riga na ɗora ta a kai ya iso. Ya gane ni. Ya kama mini riga ta baya yana cewa Sallau, ka ji tsoron Allah. Na fizge. Na ji faɗuwarsa, na ji yana nishi." Ya dubi ƙofar gidan marigayin. "Da na juya na duba shi sai na sauke ta. In na sauke ta, ta zauna ke nan, aikin ya ɓaci. Na ce in kai ta in dawo. Da na dawo, matan rijiya sun riga ni."

Malam Salisu ya tambaye shi, shi kuma wannan bawan Allah da ke ɗaure tun safe fa? Alhaji ya ce ai shi ya hana a kashe shi. Malamin ya ce yau ya hana, gobe fa? 

 Ummaru ya zaci 'yan dakon da suka nemi jinin Manu da safe za su motsa. Suna tsaye, idanunsu a ƙasa, hannayensu a baya. Daga cikin gida aka ji muryar Balki, ba kuka take ba, tana cewa a zo a fitar mata da geron nan daga gidanta.

Mai gari ya yi gyaran murya. Ya ce a kwance mahaucin, a kira maɗori ya duba hannunsa. Ya ce in jandarma sun zo, tsoho ne ya fita cikin duhu ya yi tuntuɓe da saiwa, kuma an kama wani bisa kuskure an sake shi. Ya tambaya ko akwai mai wata magana. Ya dubi Ummaru. Ummaru ya ce in an tambaye shi zai faɗi abin da ya gani. Mai gari ya ce madalla.

Jandarma biyu suka zo washegari, suka sha fura a zauren mai gari, suka koma kafin azahar. Ba wanda ya gaya musu akwai mai bin sawu a garin.

*

Ranar kasuwa ba a yi shela ba, ba a ce wa kowa ya tashi ba. Amma tun da safe masu fura suka wuce tsamiyar da ƙorai a ka, suka nufi bakin hanya. Masu gishiri suka bi, sannan maƙera, sannan 'ya'yan Ummaru da kaskonsu. Kafin rana ta take, an kafa rumfuna tun daga sikeli har marken, kuma tsofaffi na cewa ba su taɓa ganin cikar kasuwa irin ta yau ba. Alhaji na zaune a ƙofar rumfar kwanonsa, ana zuwa ana durƙusawa ana gaishe shi.

A tsakiyar layin mahauta, cikin inuwar kwanon nan, Ummaru ya ga Manu. An ba shi rumfa. Hannun damansa na ɗaure da karare, yana yanka da hagu, yankan na fita a karkace. Da ya ga Ummaru ya zaɓi tsoka mai kyau ya naɗe a ganye ya miƙa masa. Ummaru bai karɓa ba tukuna, ya tambaye shi ko ya san wanda ya sa aka ba shi wurin.

"Na sani, Baba," in ji Manu. "Na san inuwar wa nake ciki." Ya tura masa naman a hannu, ya juya ga mai saye na gaba. "Bakin mutum takwas na baro a tudu suna jiran abinci."